Tukunyar Malam Isyaku da Igiya ta Shida

Shekara talatin da shida Malam Isyaku ya yi yana hura wuta a gidan wankan kakana da ke Zaitawa. A duk tsawon shekarun nan babu maijegon da ta aiko neman ruwan zafi aka mayar mata da bokiti yana ɗumi-ɗumi. Ni na ɓata masa wannan tarihi, da takardar digiri da tef na awo. Kuma ban tashi ɓatawa ba sai a makon da 'yarsa ta fari ta haihu.

Bari in fara da kaina, tunda a lokacin da kaina nake fara komai. Sunana Mikail. Shekara bakwai na yi a Chicago ina koyon yadda ake ɗumama gine-gine. A can sanyi kisa yake yi, don haka kowane tsohon gida yana da tukunyar ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Ita ke tafasa ruwa, tururin ya bi bututu ya shiga wasu ƙarafa masu kama da haƙarƙari da ke jingine a kowane ɗaki. Lokacin hutu nakan bi wani tsohon mai gyara muna canza tukwanen da suka mutu. Darasi ɗaya ya dasa mini a ka. In za ka canza tukunya, kada ka kwafi girman tsohuwar, domin mutanen da sun saba girka wadda ta fi ƙarfin gida. Ka bi ɗaki-ɗaki ka ƙirga ƙarafan, ka auna kowanne. Abin da suke sha, shi ne girman tukunyarka. In ta yi girma ka yi ɓarnar mai, in ta yi kaɗan ɗakin ƙarshe ba zai taɓa jin ɗumi ba.

Da wannan ilimi na sauka Kano a watan Afrilu. Kawuna Alhaji Jibrin ya tarbe ni gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "To Injiniya, sannu da zuwa. Dama ɗumi ne ya yi mana ƙaranci a garin nan."

Wata shida ina zaune ina tura takardun neman aiki. Ranar da Kawu ya kira ni ya ce tukunyar gidan wanka ta fara yoyo ta ƙasa, kuma mai walda ya ce ƙarfen ya ruɓe babu inda wuta za ta kama, sai na ji kamar an naɗa ni minista.

Gidan wankan yana cikin wani lungu da ke ɓullewa ta wajen Kasuwar Kurmi. Ɗakunan wanka goma sha biyu ne, shida na kallon shida, kowanne da famfonsa. Masu zuwa 'yan dako ne da masu turin baro da ƙananan 'yan kasuwa na ƙauye da ke kwana a rumfuna. Tukunyar kuwa kakana ya sayo ta daga wata masana'anta da ta rufe, aka kwantar da ita a bayan gida a kan tubali, baƙa wuluk, tsawonta ya kai na mutum biyu. A unguwar aka haife ni, amma ina goye aiki ya kai mahaifina Kaduna. Abin da na sani game da wurin bai wuce ziyarar sallah ba.

Malam Isyaku dogo ne siriri, mai magana kamar ana cajinsa kuɗin kowace kalma. A wata ruga gabas da Gaya aka haife shi. Yana saurayi annoba ta shiga garken mahaifinsa, cikin wata biyu ta bar musu igiyoyin ɗaure maruƙa kawai. Ya shigo Kano da sanda da gora, ya yi shekara uku yana dako a Kurmi. Cikin kayan da yake ɗauka har da itacen gidan wanka. Kakana ya lura cewa duk sauran 'yan dako jibge itacen suke yi su miƙa hannu, shi kuwa wannan sai ya tsaya ya ware kirya gefe, marke gefe, ɗanye can baya inda rana ke bugawa. Babu wanda ya sa shi. Da tsohon mai hura wutar ya koma ƙauye, aka ba shi wurin.

Tun daga nan ya mayar da tukunyar saniyarsa. Nagge yake kiranta, wato saniya da Fulatanci. Ba ta da ma'auni ko ɗaya a jikinta. Da bayan hannu yake taɓa gefenta ya san zafinta, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya san inda ruwa ya tsaya. "Yau ta ƙoshi," yakan ce, ko kuma, "Yau tana fushi, kada a matsa mata." Da itace ya yi tsada shi ya koya mata cin garin katako da ɓawon gyaɗa. A ɗakin haya biyu da ke lungun baya ya yi aure ya haifi 'ya'ya shida, duk da warin hayaƙi a rigarsa.

Kwana uku na yi ina awo. Na auna kowane famfo, bokiti nawa yake cikawa a minti. Na kafa kujera a ƙofa da littafi, ina ƙirga masu shiga, bayan asuba da kuma dab da magariba. Wani ɗan dako ya leƙa littafin ya ce, "Yallaɓai, in gwamnati ce ta turo ka, rubuta ni sau biyu. Akwai ƙanena a gida, shi ma yana wanka." Na lura ruwan da ke raguwa a tukunya ya fi wanda famfunan ke fitarwa nesa ba kusa ba, na ce ai yoyon ne. Na ƙara kason lokacin sanyi, na buga lissafi. Amsa ta fito yadda malamina ya yi alkawari: tsohuwar tukunya ta kusa ninka abin da ake buƙata. Daɗin da na ji a ranar, ko ranar karɓar digiri ban ji shi ba.

Abu biyu na gani a bayan tukunyar. Na farko wani siririn bututu ne da ya fito daga gefenta ya huda katangar baya ya fita.

"Malam Isyaku, wannan fa?"

Ya dubi ƙasa. "Wannan ba na 'yan wanka ba ne."

"Wato ba ya cikin lissafi."

"To. Yana dai nan."

Kafin in ga ɗaya bakin bututun sai na fita na zaga lungu uku, ga kwata ta cika hanya, ga sabon takalmi a ƙafata. Na rubuta a littafi: bututun zubar da dauɗa.

Na biyu wasu igiyoyi ne rataye a ƙusa saman bututun, kowacce da ƙulli-ƙulli, wata da yawa wata kaɗan. Na ɗauka wani asiri ne na Fulani. A makaranta an koya mana girmama al'adun mutane, don haka na girmama su, ban tambaya ba.

Da na nuna masa zanen sabuwar tukunya, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Injiniya, da an bar ta da girmanta."

Na yi masa bayani na kusan rabin awa. Na ba shi labarin Chicago. Na ce ko a can ma tsofaffin ma'aikata haka suke, tsoro ke sa su girka babba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya ƙara sani." Na ce amin da ƙarfi.

Maharazu mai walda ya ƙera sabuwar cikin mako uku. Tsohuwar ba ta fita ta lungu, sai da 'yan gwangwan suka yanka ta gunduwa-gunduwa. Ranar Malam Isyaku ya ce yana da ta'aziyya a Madabo, bai dawo ba sai da aka share wurin. Sabuwa ta zauna tsaf, an naɗe ta da abin riƙe zafi, ga agogon awo a goshinta. Bai sa mata suna ba.

Mako biyu na farko babu wanda ya yi ƙorafi. Abu ɗaya ne ya dame ni: garin katakon da ake ci bai ragu ba ko kaɗan. Duk lokacin da na zo sai in tarar da Malam Isyaku a bakin wuta, ko hutun hantsi da ya saba yi a kan benci ya daina. Idanunsa sun yi ja. Na gaya wa Kawu cewa tsoho ne, sabo ke damunsa, a hankali zai gane. Ashe shi kaɗai yake cike giɓin lissafina da ƙashin bayansa, yana tafasa tukunya ɗaya sau huɗu a wuni.

Sai sanyi ya sauka. Waɗanda ke watsa ruwan sanyi su wuce, duk suka koma neman na zafi.

Wata Talata wajen ƙarfe bakwai na safe na zo duba agogona, na tarar da layin maza har waje, kowa da soso da sabulu a hannu, an rungume ƙirji. Babu ruwan zafi a ɗaki ko ɗaya. Na zaga baya na ga Malam Isyaku da kansa ya rufe bututun da ke kai ruwa ɗakunan.

"Malam Isyaku, mene ne haka? Mutane na jira!"

"Su ɗan ƙara haƙuri."

"Haƙurin me? Tukunya ta yi zafi tun ɗazu, ina ruwan ya tafi?"

Wadda ta amsa ta ƙofar gaba ta shigo, ta ratsa layin maza da bokiti a hannu, abin da ban taɓa jin mace ta yi ba. 'Yan dako suka dinga mannewa da bango. Iya Husaina ce, ungozomar unguwa, ƙawar kakata, wadda tun ina yaro take kirana mijinta.

"Ina maigidan nawa mai karatun Turai? Yauwa. Zo nan." Ta dire bokitin a gabana. "Sa hannunka."

Na sa.

"Ya ka ji?"

"Da ɗumi, Iya."

"Da ɗumi! Ko shayi aka kawo maka haka ai ka mayar. Wannan zan watsa wa yarinyar da ta haihu kwana uku? In sanyi ya shige ta, kai za ka cire shi da biro?"

Wani daga cikin layi ya ce, "Iya, a yi masa a hankali, sabon ango ne."

"Kai kuma rufe mana baki, ƙazami. Wanka sau ɗaya a mako har da layi."

A tsaye a wurin, gaban mutum ashirin masu tawul, na ji abin da kowace mace a Zaitawa ta sani. Gidajen lungun ƙanana ne, babu filin girka babbar tukunyar wankan jego, itace kuma ba kowane miji ke iya sayen na kwana arba'in ba. Shi ya sa kakana ya huda katanga ya fitar da famfo ta lungun baya. Ya ce duk gidan da aka haihu a unguwar, a ɗebi tafasasshen ruwa safe da yamma har a yi arba'in, sadaka. Ya damƙa amanar a hannun Malam Isyaku. Kawu ya san da zancen, amma ya ɗauka abin ya mutu tun da gas ya shigo gari.

Na juya wajen Malam Isyaku. "Don Allah me ya hana ka gaya mini?"

Ya ɗauki shebur ya shiga gyara garin katakon da ba ya buƙatar gyara.

Iya ta ce, "Ya gaya maka me? Dattijo da gemunsa ya tsaya yana yi wa yaro bayanin jego? Balle Bafulatani, ga 'yarsa ta fari a gida da tsohon ciki? Hauwa shekara bakwai da aure, sai bana Allah ya ba ta. Tun tana wata bakwai ta dawo goyon ciki. Ka taɓa jin ya kama sunanta? In ya ce maka a bar famfo, ai kamar ya ce a bar wa 'yata ne. Ya gwammace ya mutu a bakin wutar nan." Ta nuna bokitin da ƙafa. "Wannan nata ne. Kowane gida sai ya sallama tukuna, nata ne na ƙarshe. Kwana uku ke nan abin da ke isa gare ta."

Ya kamata in yi shiru. Sai na ji bakina yana cewa, "Amma Iya, a gaskiya likitoci sun ce ruwan da ya cika zafi ma yana da illa ga..."

"Uwarka da ruwan famfon nan na yi mata wanka, da ganyen darbejiya, kwana arba'in cur. Ga ka nan ka yi ƙato, har ka je Turai ka koyo rage ruwa."

Har yau ina ganin likitocin suna da magana. Amma a safiyar nan ba ni ne mutumin da zai isar da ita ba.

Da rana na koma da littafina, na zauna a ƙasa kusa da Malam Isyaku, na tambaye shi igiyoyin nan. Da yake zancen gidajen wasu ne, bakinsa ya buɗe. Duk gidan da aka haihu yakan yanki igiya ya yi mata ƙulli arba'in. Kullum da yamma, in an ɗebi ruwan ƙarshe, ya kwance ɗaya. Da kallo ɗaya ya san gida nawa ke kansa da kwanakin da suka rage wa kowanne. Wato bayanan da na yi kwana uku ina nema a bakin ƙofa suna rataye a ƙusa, daidai tsayin hancina.

"Mafi yawa da ka taɓa ratayewa lokaci ɗaya fa?"

"Goma sha ɗaya. Ai ka san ana yawan ɗaura aure kafin azumi. To in ka ƙirga wata tara ko goma daga nan, ka shirya itace."

Babu wannan a littattafan Chicago.

Na ƙirga igiyoyin da ke ƙusa, biyar. Na yi lissafin duro nawa za mu girka na wucin gadi kafin a ƙera wani abu. Da la'asar Iya ta zo ɗibar ruwan yamma, na zaga lungu ukun nan, na taka kwatar, na nuna mata takardar don ta ga mijinta ya shiryu.

"Gida biyar, bokiti huɗu-huɗu safe da yamma."

Ta shiga lanƙwasa yatsu. "Gidan mai goro. Gidan Liman. Gidan masu tabarma, biyu. Gidan direba. Sai Hauwa. Shida."

"Igiya biyar ce, Iya. Na ƙirga."

Ta dube ni kamar yadda ake duban akuyar da ta sake shiga gonar da aka kore ta. "Shi zai ƙulla wa 'yarsa igiya ya rataye a bainar jama'a? Kai wai a can ɗin me suke koya muku ne?"

Sau biyu ke nan ina barin mace ɗaya a wajen lissafi.

Washegari muka girka duro uku a kan duwatsu a tsakar gidan wanka, na masu jego zalla. Maharazu ya ce tanki na biyu zai ci kwana tara. Malam Isyaku ba zai iya da wuta huɗu ba, ni kuma ba ni da fuskar da zan ce Kawu ya ɗauki wani. Na cire agogon hannu na ɗauki shebur. A rana ta farko na kashe wuta sau biyu. A ta biyu na zuba garin katako da yawa, ya turnuƙe, ya tashi fuu ya tafi da rabin girata. 'Yan dako suka sa mini Injiniyan Murhu, sunan da har yau in na ratsa Kurmi sai na ji shi daga wata rumfa. Malam Isyaku bai yi dariya ba ko sau ɗaya, abin da ya fi dariyar ciwo. Yakan zo ya tsaya, ya zare itace ɗaya, ya karkata wani, wuta ta miƙe. "Ba ta son a cika mata baki," ya ce. "Ka bar mata wurin numfashi."

Tun ranar da muka girka duro na sayo igiya a kasuwa, na yi mata ƙulli talatin da shida, tunda kwana huɗu sun wuce. Na rataye ta a ƙusa lokacin da ya tafi sallar azahar. Da ya dawo ya wuce ta kamar bai gani ba. Amma da safe da na duba, ƙulli talatin da biyar ne.

Tunda duro a hannuna suke, ni ke raba ruwa. Na cika bokitin farko yana tafarfasa, na miƙa wa mai garuwar da Iya ta turo. Malam Isyaku yana bayana.

"Wannan na wane gida ne?"

"Na igiya ta shida."

Na ɗauka zai ce a mayar. Sai ya juya mini baya, ya durƙusa yana leƙen wutar sabuwar tukunya.

"Ya dai tafasa ko?"

"Ya tafasa, Malam."

"To a yi sauri da shi. Lungun akwai iska."

Ranar suna na je da sabuwar shadda da rabin gira. A raina na ɗan sa ran ko za a tuna da wanda ya ƙone saboda jaririn. Mace ce aka haifa, aka sa mata sunan kakata.

Maharazu ya kawo tanki na biyu a rana ta goma sha ɗaya. Na auna shi a kan gida goma sha biyu: goma sha ɗayan Malam Isyaku, da ɗaya na wadda ba za a faɗa mini ba. Da na haɗa girmansa da na sabuwar tukunya, sai na ga sun fi Nagge da bokiti uku. Wato na kashe wata biyu da dukiyar Kawu na gano cewa kakana, wanda bai taɓa riƙe biro ba, ya yi kuskuren bokiti uku.

Hauwa ta yi arba'in ranar wata Alhamis, ta koma ɗakin mijinta da ƙafafunta lafiya. Iya ta aiko mini da kunun kanwa a kwano, da saƙon cewa na masu jego ne, amma ni ma na sha wuya. Na zaga baya in sha a inuwa. Igiya ta shida ba ta kan ƙusa. Na hango ta ɗaure a wuyan famfon sabon tankin, irin ɗaurin da ake yi wa ɗan maraƙi. Malam Isyaku ya kai bayan hannunsa ya taɓa gefen tankin, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Agogon awon da na sa aka liƙa yana gabansa, ko kallonsa bai yi ba.

"Ya take, Malam?"

"Yarinya ce tukuna," ya ce. "Amma tana cin abinci."